Rigar da ta gagari Ya Fanna

Ni Laminu, jirgi nake tuƙawa a Komadugu tun gemuna bai fito ba. Duk wanda ya tsallaka tsakanin Diffa da gaɓar Najeriya a wancan zamani, in bai shiga kwalekwalena ba, to ya shiga na ƙanena mai yoyo, ya fita da jiƙaƙƙen wando. Saboda haka in na ce na san Sallau tela, ba a bakin mutane na san shi ba. Shekaru muka yi muna raba goro ɗaya, yana ce mini Babarbaren ruwa, ina ce masa Badamagare mai tsinin baki.

Daga Damagaram ya zo, da baƙin keken ɗinkinsa ɗaure a saman kamyo, wato babbar motar kaya, ya kafa rumfa a bakin kasuwa. Gajere ne, da ƙyar ƙafarsa ke kai matakin keken, amma faɗin ransa ya ishi mutum uku. Ba shi da gona, ba shi da ko akuya, gidan ma na haya ne. Abu ɗaya ya mallaka a duniya, shi ne suna. Tun da ya fara riƙe allura ba a taɓa dawo masa da riga an ce ɗinki ya farke ba. In ya gama maka taguwa ba zai miƙa maka haka kawai ba, sai ya sa ka kama nan, shi ya kama can, ku yi ta ja kamar masu rigimar gado. In kuwa ka kawo masa ɗinkin wani tela ya gyara, da yatsu biyu zai ɗaga shi kamar ya tsinci mushen ɓera, ya tambaye ka wane marar tsoron Allah ne ya yi maka wannan. Mutane na jin haushin bakinsa, amma in Salla ta matso wurinsa suke tururuwa.

Sai zamani ya juya masa baya. Darajar kuɗinmu sefa ta faɗi a casa'in da huɗu, ma'aikata da sojojin da ke kawo masa shadda suka riƙa yin wata da watanni ba albashi, ga dilolin gwanjo sun cika kasuwa. Wanda a da zai ɗinka sabuwa, yanzu faci yake kawowa. Sallau ya koma yini yana korar ƙuda daga kan keke. Matarsa Falmata ƴar Shetimari ce, bakinta kuwa ko barkonon garinsu albarka. Takan ce masa, "Malam, sunan nan naka, jiƙa shi zan yi ko daka shi? Yara dai ba su ci ba."

Ana cikin haka sai muka ji an ƙara kuɗin fito a kan kayan da ke shigowa daga Najeriya, kuma yadi da shadda da atamfa suka fi shan wuta. Waɗanda suka zauna a Yamai suka yanke wannan, ban sani ba ko sun taɓa ganin Komadugu. Kogin da in rani ya yi jaki ke tsallake shi bai jiƙa kofato ba. Mu nan sabulunmu, da man injin ban-ruwa, da takin tattasai, duk daga tsallake suke zuwa, har kuɗin aljihunmu naira ce. Aka girke duwan, wato ƴan kwastan, a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro da ke kan mashigi, da tebur da kujeru. Shef ɗinsu wani dogon Bazabarme ne mai suna Soumana. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya tsawa, ba ya karɓar na goro, kuma wannan na ƙarshen ne ya fi ba mutane haushi.

Wadda abin ya fi taɓawa ita ce Ya Fanna, babbar mai sayar da yadi a kasuwa. Mace ce ƙatuwa, tun kafin ka hango lafayarta ƙamshin turarenta ya riga ya gaishe ka, kuma ba ta taɓa yarda a ci ribarta tana kallo ba. Wata rana da hantsi ta zo rumfar Sallau, ina zaune, ta cika masa benci.

Ta ce, "Tela, duwan a kan bandir suke karɓar kuɗi, ko ba haka ba?"

Ya ce, "Haka na ji."

"A kan rigar da ke jikin mutum fa?"

"Wa zai tuɓe dattijo a bakin kogi?"

Ta ce, "Yawwa. To so nake ka ɗinke mini bandir ya zama riga a can, in ya iso nan ya koma bandir. Kada almakashi ya taɓa shi. Kuma ɗinkin ya zama irin wanda ja ɗaya zai warware shi."

Sallau ya dube ta sama da ƙasa. Ya ce, "Ya Fanna, duk telolin garin nan ki rasa wanda za ki kawo wa wannan sai ni? Na ƙare rayuwata ina koya wa zare zama, yau ki ce in koya masa gudu?" Ya sallame ta, tana tashi ya kakkaɓe bencin.

Labari ya riga shi isa gida. Da yamma Falmata ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwan wanke hannu, ta ajiye masa kwano rufe da faifai, har da durƙusawa. Ya yi bismilla ya buɗe, ya tarar da kwanon wayam. Ya mayar da faifan ya rufe. Kasuwar Damasak ta gaba, can tsallaken Najeriya, sai ga shi a jirgina da kekensa, ya naɗe fuska da rawani kamar Buzu, wai don kada a gane shi. Gajeren mutum rungume da baƙin keke, duk Diffa wa zai kasa gane shi? Sharaɗi ɗaya ya kafa wa Ya Fanna, kada sunansa ya fito a wannan aiki.

A gaɓar can ya yi rumfar zana a bayan wata tsamiya. Kuma sai in faɗi gaskiya, ko a aikin banza ma gwani gwani ne. Zai ɗauki shadda biyu ya haɗa bakinsu, ya bar ɗan wuri a tsakiya inda kai zai fita, ya nannaɗe sauran ciki, ya bi da ɗinki mai faɗin taki. Daga nesa ka rantse babbar riga ce ta wani attajiri. A ƙarƙashin hammatar dama yake ɓoye ƙullin zaren. Ka kama ƙullin nan ka ja, sai rigar ta zube ta koma yadi, ko tabon allura ba ka gani.

Ya Fanna ta ɗebi ƴan dako, ta zaɓi sirara. Gwaninsu shi ne Halilu, wani dogo mai ɗaukar buhunan tattasai, wanda in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Da safe in tsallakar da su kamar karan dawa. Da la'asar in dawo da su sun cika jirgi, riga kan riga kan riga, hannuwa a bubbuɗe sun kasa haɗuwa da jiki, gumi na zuba har cikin takalmi. Mutum shida nakan ɗauka a tafiya, a dawowa uku ma sai da addu'a. Su hau tudu suna tafiyar agwagwa, su wuce ta gaban teburin duwan.

Soumana zai ɗago kai ya ce, "Sannu, Alhaji Halilu. Da safe na gan ka kamar tsinke, yanzu ga ka tubarkalla. Me ake ci ne a Damasak?"

Halilu ya ce, "Wallahi Shef, ruwan can ne yake karɓata."

"To Allah ya ƙara lafiya. A kula da rana."

Kowa ya san ya sani. Amma ba dokar da ta hana mutum ƙiba, kuma shi ba mai tuɓe magidanci a gaban jama'a ba ne. Sai su wuce gidan Ya Fanna, matan gidan su ja ƙulli, su buge shadda su ninke, gobe tana kan tebur a kasuwa.

Tukunyar Falmata ta fara ganin nama. Ta yi sabuwar lafaya, yara suka yi kumatu. Shi kuwa maigidan sai ramewa yake. Sirri a Diffa ba ya kwana biyu, sunan da ya ce kada ya fito shi ya fara fita. Abin da ya fi ciwo, sai mutane suka mai da shi abin misali. Katanga ta faɗi a ruwan farko, a ce ai ɗinkin Sallau ce. An yi sulhu da safe an koma faɗa da yamma, ɗinkin Sallau. Ni na yi ta ɓoye masa, har ranar da wata tsohuwa daga Tumur ta shiga jirgina, yana zaune dab da ita, tana ba maƙwabciyarta labarin auren jikarta da ya mutu kafin lalle ya goge. Ta ce, "Ke dai bari, auren zamani ɗinkin Sallau ne, ja ɗaya ya warware." Ba ta san shi ba, baiwar Allah. Ya sunkuyar da kai yana kallon ruwa har muka kai gaɓa. Ranar ko tsokanata bai yi ba, kuma na ji tausayinsa har cikin raina.

Ana saura ƴan makonni Babbar Salla sai ga Soumana a ƙofar gidan Sallau, ba kaki a jikinsa, da farar shadda a hammata. Falmata ta leƙo ta gan shi, ta koma ciki tana salati, ta ɗauka kamu ya zo.

Bayan gaisuwa ya ce, "Malam Sallau, gida zan je Salla, ina son babbar riga. Wannan shaddar an biya mata kuɗin fito, da hannuna na biya. Lokacin da aka turo ni nan an ce mini akwai wani tela a garin da ɗinkinsa ba ya farkewa. Na daɗe ina zaune a bakin kogi, ban gan shi ba. Ko ya bar gari ne?"

Sallau ya dubi shaddar. Ya ce, "Yana nan, Shef."

"To a ba shi."

Tunda keke na gaɓar can, ni na tsallakar da shaddar. Ina jin ita kaɗai ce shaddar da ta biya kuɗin shiga Nijar sannan ta koma inda ta fito a ɓoye. Sallau ya ciro almakashinsa ya tarar ya yi tsatsa, ya zauna ya wasa shi a dutse. Da ya zo sa shi a yadin sai ya ajiye, ya sake ɗauka. Da ya yi yankan farko sai ya sauke wani dogon numfashi. Daga nan duk lokacin da ya samu sarari tsakanin rigunan Ya Fanna, sai ya koma kan ta Shef. Kowane layi sau biyu yake bin sa, taki ƙanana kamar ƙwayar gero, ya kalmashe baki ya sake bi. Ya gama jikin rigar, saura aikin wuya kawai, ya rataye ta a igiya don kada ta yamutse. Igiyar kuwa ita ce wadda yake rataye rigunan Ya Fanna, kuma su ma farare ne a ranar.

Ya tafi sallar azahar a masallacin ƙauyen. Hadari ya taso daga gabas, Halilu ya ga in ya tsaya jiran tela ruwa zai jiƙa kayan mutane. Sai ya shiga rumfa ya shirya kansa da kansa, ya kwashe duk abin da ke kan igiya ya zuba a jiki. Na tsallakar da su, ban san komai ba. Halilu ya wuce ta gaban Soumana sanye da rigar Soumana a can ƙasan sauran, har suka gaisa a kan ruwan Damasak. Hadarin ya watse bai zubar ba, ni kuma na ɗaure jirgi na hau kasuwa neman goro.

A gidan Ya Fanna aka ja ƙulli, riguna suka yi ta zubewa, har aka zo kan ta ƙarshe. Aka ɗaga hammatar dama, ba ƙulli. Aka duba ta hagu, babu. Aka juya ta ciki waje. Nan Ya Fanna ta ga an yanke wuya, an fitar da aljihu, ta dafe ƙirji, ta ɗauka shaddarta ce Sallau ya sa wa almakashi. Ta ce a warware a ceci abin da ya saura. Suka sa farce, suka sa haƙori, suka kawo reza ta rasa inda za ta shiga tsakanin zare da zare. Mata huɗu suka kama, biyu nan biyu can, suka ja har suka zube ƙasa, riga na nan yadda take.

Ya Fanna in ranta ya ɓaci ba ta tunani sai ta huce. Ta saɓa rigar a kafaɗa ta nufi kasuwa, tsohuwar rumfar Sallau, ta manta yana tsallake. Da ba ta same shi ba sai ta juyo kan jama'a. Ina tsaye wurin mai goro, da kunnena na ji.

Ta ce, "Jama'a ku zo ku ga cin amana. Sallau ya cuce ni. Mu huɗu muka taru a kan ɗinkin nan tun azahar, ga haƙorin ƙanwata yana girgiɗi, ko zare ɗaya bai motsa ba. Wannan ɗinki ne ko ƙira? Wanda ya ce ƙarya nake ya zo ya gwada."

Aka kuwa zo. Wani mahauci ya goge hannu ya kama gefe ɗaya, wani ƙaton ɗan dako ya kama ɗayan, kasuwa ta yi da'ira ana ba su ƙarfi. Suka ja har jijiyar wuyansu ta fito. Mahaucin ya saki yana haki, ya ce shi dai fatar sa ta fi wannan sauƙi.

Ashe Soumana na cikin taron, ya zo sayen albasa. Ya matso a hankali ya ce, "Ya Fanna, ba ni in gani." Ya kakkaɓe ƙurar, ya duba wuyan, ya zura ta a kan kakinsa. Ta zauna masa ɗas, tsawo da faɗi.

Ya ce, "Tawa ce, ni na ba shi. Na gode da kika gwada mini ita." Sannan ya ce, "Amma wani abu ya ɗaure mini kai. Mutum ya samu riga mai ɗinki irin wannan, me zai sa ya tara mata huɗu su warware ta?"

Ya Fanna ta ja gefen lafaya ta toshe bakinta.

Rana ta yi sanyi na koma ɗauko Sallau. Na same shi zaune ya kifa kai a kan keke, ƙafafunsa duk ƙaya. Ya bincike rumfa, ya bincike dajin bayan tsamiya, har awakin ƙauyen ya zarga. Yana ganina ya ce, "Laminu, na mutu. Rigar Shef ta ɓace. Sau ɗaya aka tambayi telan nan, kuma ga abin da ya yi."

Na ce masa rigar na jikin mai ita. Na fara da mummunan labari, na ce asiri ya tonu a tsakiyar kasuwa, aikin Ya Fanna ya ƙare, tukunyar Falmata za ta koma gidan jiya. Ko a jikinsa. Da na kai wurin ja-in-ja sai ya kama hannuna.

"Mata nawa ka ce?"

"Huɗu."

"Da reza?"

"Da reza, da haƙori. Sannan mahauci da ɗan dako."

"A gaban mutane?"

"Duk kasuwa, Sallau."

Ya yi dariya har da tari, sai kuma na ga hawaye na bin gemunsa. Ni ma na juya ina gyara igiyar jirgi da ba abin da ya same ta. Muka ɗora keken a tsakiya, kafin mu kai gaɓar Diffa ya sa na maimaita masa labarin daga farko.

Soumana bai kama kowa ba. Kasuwa ta gaba dai ya matso da kujerarsa bakin ruwa, duk mai ƙibar da ya sauko sai ya tashi ya gaishe shi da ladabi, ya roƙe shi ya ɗan ɗaga hannun dama. Ya Fanna ta nemo wani tela ta sake gwadawa, ɗinkinsa ya saki tun kafin a kai gida, Halilu ya tsinci kansa tsaye cikin tarin shadda daga shi sai ƴar shara. Daga ranar sana'ar ta mutu, Ya Fanna ta koma biyan kuɗin fito tana tsine wa Yamai.

Sallau ya gama aikin wuyan, Shef ya tafi Salla da rigarsa. Falmata ta yi kwanaki ba ta yi wa mijinta magana sai da ludayi. Ya koma rumfarsa ta bakin kasuwa, kuma bai ƙara yin kuɗi ba har ya bar duniya, don gwanjo bai fasa zuwa ba. Amma misalin nan na katanga da aure ya ɓace daga bakin mutane, ba wanda ya hana su, kunya ce kawai ta kama su. Masu ɗan hali suka dawo da shaddarsu, har daga Maine ake aiko masa.

Da shekaru suka ja, idonsa ya yi rauni, zare ya daina shiga allura, sai ya riƙa zuwa bakin kogi da sanda ya zauna kusa da jirgina. Ba ya daɗewa zai ce, "Babarbare, ba mu labarin nan." Ni kuma don in ja shi sai in ƙara gishiri. Yau mata goma, gobe in sa sojoji, wata rana har da raƙumi aka ɗaura wa rigar. Nan take zai buga sanda a ƙasa ya ce, "Huɗu ne, maƙaryaci. Faɗe shi yadda yake." In gyara, ya gyaɗa kai, ya miƙo mini rabin goro.

Ya rasu wata damina, kogi cike. A zaman makoki maza muna waje a kan tabarmi, mata na ciki bayan zana. Wasu baƙi daga Damagaram, danginsa, suka ce ba su san zaman da ya yi a nan ba, a ba su labarinsa. Aka nuna ni. Na fara, baki ya saba, kafin in ankara na kai mata goma sha biyu da raƙumi. Na tsaya ina jiran ƙarar sanda a ƙasa, sai na tuna inda nake.

Daga bayan zana muryar Falmata ta fito, a dishe.

"Huɗu ne, Laminu. Sai mahauci da ɗan dako. Kada ka ɓata masa aiki."